Na Ce Baba Ya Manta

Na Allah ne mu, kuma gare Shi Baba ya koma ranar Talata da hantsi, a ɗakinsa a unguwar Nima ta Accra, kofin kokonsa na gefensa ko rabi bai sha ba. Mma, mahaifiyata, ce ta shiga ɗaukar kofin ta tarar rai ya yi halinsa. Kafin azahar an kafa rumfa a lungunmu, an jera kujerun roba tun daga ƙofar gida har bakin babbar kwata.

Ni ce babbar 'yarsa, don haka ni na zauna kusa da Mma muna amsa gaisuwa. Gwaggo, ƙanwarsa, ta iso daga unguwar Madina da takalmi wari da wari, tana faɗin yau ba ta da sauran mai yi mata faɗa a duniya. Matan kasuwar Malam Atta, inda nake sayar da shinkafa da mai, sun rufe rumfunansu sun zo, Musulminsu da Kiristansu, wannan ta ce Allah Ya ji ƙansa, waccan ta ce "due, due" da Twi. Can wajen maza kuwa tsofaffin makanikai ne suka cika benci biyu. Babbansu, abokin Baba tun suna samari, mai gareji a unguwar Maamobi, yana zaune a ƙarshen benci. Hularsa na hannunsa, sai murza ta yake yi.

Direban motar ɗaukar gawa ta masallacinmu ya durƙusa a bakin ƙofa ya ce da ni, "Hajiya, kin san motar nan da za ta kai Masta, shi ya daidaita ta? Da can in na sha kwana a hanyar maƙabarta, sai mutum biyu sun danne makara. Masta ya gan mu wata rana, ya tare ni a titi ya ce in kawo ta. Kwana uku tana wurinsa, ko ruwan sha bai yarda na saya masa ba. Ya ce wanda ba zai iya riƙe kansa ba, shi ya fi kowa cancanta a tafi da shi a natse."

Lauya ma ya zo. Dattijo ne ɗan ƙabilar Ga, ya daɗe da barin aiki, kuma motarsa ce ta ƙarshe da Baba ya taɓa. Ya tsaya a bakin rumfa cikin baƙin zane, ya rasa inda zai zauna, ya ce min "kpoo" a hankali, ta'aziyyar yarensu, sai ya sunkuyar da kai. Ni ma ban iya dubansa ba.

Baffa, ƙanin Baba, shi ya fi kowa magana. Duk wanda ya zauna kusa da shi sai ya ce masa, "Yaya ya yi sa'ar 'ya. Da ba don ita ta kulle shagon nan ba, da tuni wata mota ta kashe shi, ko ta kashe wani." Mutane su gyaɗa kai, su juyo su sa min albarka. Kwana bakwai ina shan wannan albarka, kuma kowace ɗaya ji nake kamar an ɗora min dutse a ƙirji. Shi ya sa na zauna rubuta wannan. Ina so a tuna Baba yadda yake, ba yadda bakina ya mayar da shi ba.

Aikin Baba ƙafafun mota ne. Inji bai dame shi ba, yakan ce kowane yaro zai iya sa mota ta yi gudu, aikin manya shi ne ta tsaya da ƙafafunta. A cikin ƙafafun ma akwai abin da ya fi ƙauna, wata sandar ƙarfe mai lanƙwasa biyu da ke kwance a ƙarƙashin mota, hannunta ɗaya riƙe da ƙafar hagu, ɗaya riƙe da ta dama. Makanikai na ce mata sitabilaiza, shi kuwa sanda kawai yake kiranta. In mota ta shiga kwana ta nemi kwantawa gefe guda, sandar ce ke murɗewa ta hana ta.

Tun ina ƙarama nake jin karatunta a bakinsa. "In ta gaba ta cika kauri, mota taurin kai take yi, kina juya sitiyari tana miƙewa abinta. In ta baya ce ta cika kauri, rawar kai take yi, wutsiyarta ta nemi riga hancinta. Mai taurin kai tana ba ki lokacin yin salati. Mai rawar kai ba ta bayarwa."

In zai sayi sanda, da kansa yake zuwa Abossey Okai wurin masu tsofaffin kayan mota. Ya rataye ta a yatsa, ya ƙwanƙwasa da sifana, ya kai kunne. Wadda aka taɓa yi wa walda ko aka gasa don a miƙar da ita, ko kyauta ba ya karɓa, wai wuta ta riga ta kashe mata zuciya. Ya auna kaurinta sau biyu, don ƙarin da ido ba ya gani, a kan titi yakan zama babban abu. Ba ya kuma taɓa sanda sai ya fara duba iskar taya da robobin da ke riƙe ta. In zai ɗaure noti na ƙarshe, sai mota na tsaye bisa tayoyinta, da nauyin mutum a kujerar direba. Sau da yawa buhun shinkafata ne ke zama direban, ya dawo min yana warin gires.

Yana da wata doka da almajiransa suka tsana: a taɓa abu ɗaya, a je a dawo, sannan a taɓa na biyu. Aikin yini ɗaya sai ya kai mako. Yana kuma da hali mai wuyar zama da shi, ba ya bayani sau biyu. In ya faɗa ba ka gane ba, ko ka nuna shakka, sai ya ja bakinsa ya jefa goro. Ko tafiya muke a bakin titi, in trotro, motar haya, ta wuce da kaya tuli a samanta tana karkata, sai ya tsaya ya bi ta da kallo yana tsaki har ta ɓace, kamar shi aka zaga.

Ni Uwata yake ce min, saboda sunan mahaifiyarsa na ci. Da yanar ido ta fara rage masa gani ya daina tuƙi, ƙannena maza duk sun yi nisa, almajiran kuma kowa ya buɗe nasa wurin. Wata safiya ya zo har rumfata, ya tsaya yana kallon yadda nake shigar da motar kayana tsakanin teburan masu doya da baya da baya.

"Uwata," ya ce, "ranar Asabar wa ke tsare miki rumfa?"

"Akwai mai tsarewa, Baba. Lafiya?"

"Ina da kunne, ina da ƙugu, ido ne babu. Ki ara min naki."

Haka na zama direbansa. Ya gama ɗaure sanda, mu fita gwaji, ni a sitiyari shi a gefe, ido a rufe, tafin hannunsa a kan kujera. "Ƙara wuta kaɗan. Kin ji? Kin ji ta kwanta?" In na ce ban ji ba, sai ya ce ai ba da hannu ake jin mota ba, da ƙugu ake ji.

Baffa bai so wannan ba. Ya zo har shago bayan sallar Juma'a ya ce, "Yaya, matar aure, uwar 'ya'ya huɗu, a ce tana yawo a motocin mutane, gyale na tashi, duk Nima na kallo?"

Baba na ƙarƙashin mota, ƙafafunsa kawai ake gani. Ya ce, "Mijinta ya kawo ƙara wurinka?"

"A'a."

"To in ka iya tuƙi, zo ka karɓe ta."

Baffa ko keke bai iya ba. Juma'a biyu ba su gaisa ba, sai da Gwaggo ta shiga tsakani.

Motar Lauya 'yar ƙarama ce koriya, kujera biyu, ba rufi, ƙirar Ingila, ta girme ni nesa ba kusa ba. Ta mahaifinsa ce, kuma burinsa kafin ya mutu ya hau dutsen Aburi da ita kamar yadda tsohon ke hawa da shi yana yaro. Siririyar sanda ɗaya gare ta a gaba, bayan babu, tana shan kwana tana kwanciya kamar kwalekwale. Lauya ya sa an aiko masa da sababbin sanduna biyu daga waje, jajaye, masu kauri, kowane hannu da huji uku. Hujin baki shi ne mai laushi, na ciki shi ne mai tauri. Ya ce a ɗaura duka biyun, a hujin ciki.

Baba ya ɗaga sandar baya, ya jinjina, ya ajiye. "Wanda ya ƙera wannan bai taɓa ganin ramin titin Accra ba," ya ce. "Motar nan ba ta da nauyi. In na sa mata wannan, taya ɗaya ta faɗa rami, ɗayar ta tashi sama, kai kuma haƙoranka su zube."

"Masta, na karanta a kanta," in ji Lauya.

"To ka ba takardar ta tuƙa ka."

Sun yi ta yi, Turanci, Ga, Hausa, har Lauya ya ɗauki makullinsa ya fita, ya kai bakin titi, ya dawo. Aka tsaya a kan za a sa sabuwar a gaba, a baya kuma Baba ya nemo wata siririya mai huji a Abossey Okai.

Asabar bakwai muka yi muna hawa dutsen Aburi muna sauka. Mu tafi da sassafe kafin motoci su yi yawa, mu sha kwanonin nan, mu tsaya a gefe, Baba ya shimfiɗa kwali ya shiga ƙarƙashi ya matsar da noti huji ɗaya, mu koma ƙasa mu sake hawa. In ya ji abin da yake so, sai ya bugi gwiwarsa ya yi dariya har hularsa ta nemi tashi. A saman dutsen yakan saya mana gasasshiyar ayaba da gyaɗa, mu zauna a bakin mota, ga Accra can ƙasa. Tun da aka haife ni ban taɓa samun Baba ni kaɗai haka ba.

Amma a lokacin nan ne tsoro ya fara shigata. Mma ta gaya min ya yi la'asar sau biyu a rana ɗaya, ya kuma rantse bai yi ba. Ya kira ɗana da sunan yayansa da ya rasu tun kafin a yi min aure. Wata rana wani mai shayi ya rako shi gida daga Maamobi, wai ya gan shi tsaye a mararraba yana tambayar hanyar Nima, mutumin da aka haifa a Nima. Mma ta ce in rufa asiri. Na rufa, amma kullum na kama sitiyarin motar da ya kwanta ƙarƙashinta, sai in tambayi kaina ko ya ɗaure komai.

Asabar ta takwas an yi ruwa da asuba. Titi a jiƙe yake, rana ta fara fitowa. Mun hau lafiya. A sama ya shiga ƙarƙashi ya taɓa sandar baya, ya fito ya ce, "Ina jin yau mun gama." Muna saukowa, a wata doguwar kwana, na ji bayan motar ya yi sauƙi kamar an ɗage shi. A tsorace na janye ƙafata daga totur gaba ɗaya.

"Kada ki ɗaga ƙafa!" Baba ya yi ihu.

Ya makara. Motar ta juya da mu, na ga dutse, na ga sama, na ga kwari, sai muka tsaya cak, hancinmu na kallon inda muka fito, bayanmu jingine da gangaren ƙasa. Wata trotro cike da mutane ta ci birki har ta yi ƙara, ta tsaya dab da ƙofata. Ina ganin fuskar matar da ke gaba, jariri a cinyarta, bakinta a buɗe. Goshin Baba ya fashe, jini na bin gemunsa.

Mutane suka sauko suka kewaye mu, suna ta magana da Twi. Ni kuwa na durƙusa a cikin taɓo na leƙa ƙarƙashin motar. Hannun hagu na sandar baya yana hujin tsakiya. Hannun dama yana hujin baki. Ba su yi daidai ba.

Na miƙe na ce, "Baba, ka manta. Ka matsar da ɗaya ka bar ɗaya."

"Ban manta ba."

"Ga shi na gani da idona!"

"Uwata, tsaya. Sandar nan ai, in kin sa wannan a nan, wancan kuma..." Ya tsaya. Ya ɗaga hannuwansa biyu yana nuna wani abu a iska, leɓensa na motsi, kalmar ta ƙi zuwa. Ya sake farawa, ta sake ƙi. Ni kuma na ɗauki wannan shirun a matsayin shaida.

A nan, a gabansa, a gaban fasinjojin trotro, na kira Lauya a waya. Da Turanci na yi maganar, kamar Baba ba ya ji. Na ce a turo a ɗauki mota, mahaifina kansa ba daidai yake ba, ba zai ƙara taɓa motar kowa ba. Baba na tsaye yana danne goshinsa da hula. Da na gama ya ce, ba tare da ya ɗaga murya ba, "Tun da kin ce na manta, to na manta."

Bayan kwana biyu ni da Baffa muka je shagon. Baba na zaune a benci cikin kayan aikinsa. Baffa ya fara dogon jawabi a kan tsufa da hutu da amanar rayukan mutane. Baba bai bari ya gama ba, ya ciro makullin daga aljihu ya ajiye a kan bencin, ya tashi ya bi lungu ya tafi gida. Ni na ja ƙofar, ni na sa kwaɗo. Kafin mako ya zagayo, daga Nima har Maamobi an san kan Masta ya taɓu, kuma daga bakina aka ji.

Daga ranar bai sake ce min Uwata ba. "Ke" na koma. In na gaishe shi ya amsa, in na kawo abinci ya sa albarka, shi ke nan. Watanni da yawa yana tashi da safe ya sa kayan aiki ya zauna a ƙofar gida yana kallon titi. Wata rana na same shi da murfin tukunyar Mma a cinya, yana ɗaure marikinsa da bakin cokali, ya kwance, ya sake ɗaurewa. Na juya na fita kafin ya gan ni. Mantuwar kuma sai ta zo da gudu, abin da ke faruwa sau ɗaya a wata ya koma kullum. Na kai shi asibiti, na sayi magani, na aika da abinci safe da yamma. Amma zama kusa da shi ya gagare ni. Ina shiga in gaida Mma, in leƙa shi daga bakin ƙofa, in ce kasuwa na jirana. Har ya zamana sai in yi mako biyu ban je ba.

Shekara biyu motar Lauya na rufe da tamfol a gidansa. Wata ɗaya kafin rasuwar Baba ya kai ta garejin abokin Baba na Maamobi, shi kuma ya aiko a kira ni. Na tarar da su biyun tsaye, motar a kan ramin duba ƙarƙashin mota.

"'Yata, sauko ki gani," in ji tsohon. Na sauka. Ya haska sandar da tocila, tana nan yadda Baba ya bar ta. "Wannan ne kika ce kuskure?"

"E, shi ne. Hagu da dama ba su yi daidai ba."

"Sanda guda ce. Ba ta san hagu ba, ba ta san dama ba. In hujin tsakiya ya yi miki tauri, na baki ya yi miki laushi, sai ki sa hannu ɗaya a nan, ɗaya a can, ki samu tsakaninsu. Ubanki ne ya koya min wannan da kansa, muna samari. Da kin zo kin tambaye ni."

Na karɓi tocilar na sake haska hujin hagu da na dama.

Muka fito, ya kama hannuna ya ɗora a kan tayar baya. "Danna da farcenki." Na danna, ko alama bai shiga ba. "Wannan taya ce ko itace? A busasshen titi za ta rufa miki asiri. In ruwa ya taɓa ƙasa, sai Allah."

Lauya ya yi gyaran murya. Ya ce tun ranar farko Baba ya gaya masa a canza tayoyin baya, ya kuma ce kada motar ta taka jiƙaƙƙen titi kafin nan. Shi ne ya yi ta jan ƙafa, don tayoyin da mahaifinsa ya sa ne, bai so a cire ba. Ya yi alkawarin kawo sababbi kafin Asabar ɗin nan, bai kawo ba. Da na kira shi a waya na ɗora laifin a kan Baba, sai ya yi shiru, ya ci gaba da yin shiru shekara biyu.

Na so in zage shi, amma da wane baki? Ni ce na ɗaga ƙafa a tsakiyar kwana, abin da Baba ya hana ni tun Asabar ta farko. Ni ce na yanke hukunci cikin taɓo, ban tambayi kowa ba.

Har yau akwai abin da ban warware ba, kuma ba zan ɓoye shi don in kyautata labari ba. Baba ya san tayoyin nan, ya ga titi a jiƙe, amma bai hana mu fita ba. Ko ya ɗauka an riga an canza su ne, ko gargaɗin nasa ne ya fita daga kansa, Allah kaɗai Ya sani. Wataƙila ya manta wani abu a ranar. Wataƙila da ban kulle shagon a lokacin ba, da dole in kulle shi bayan wata shida. Amma abin da na tsaya a gaban jama'a na ce ya manta, bai manta ba. Ina kuma yawan tambayar kaina ko zaman banzan da na jefa shi ciki ne ya buɗe wa ciwon ƙofa. Likita ya ce ba haka ba ne. Zuciyata ba ta yarda da likita ba.

Daga garejin ban koma kasuwa ba, gida na wuce. Bayan la'asar ne, Baba na zaune a kujerarsa a tsakar gida, Mma ta yafa masa mayafi a kafaɗa. Na durƙusa a gabansa na kama ƙafarsa.

"Baba, na zo neman gafara. Sandar nan daidai ka ɗaura ta. Ni ce ban sani ba."

Ya dube ni da fara'a, irin wadda yake yi wa baƙi. "Sannu da zuwa, Hajiya. Wace mota ce?"

Na ce, "Koriyar nan, Baba. Ƙarama, marar rufi."

Fuskarsa ta washe. "A, 'yar koriyar nan! Ba ta da laifi, sai dai a bi ta a hankali. Ki kawo ta. Amma sai kin yi haƙuri, idona ba ya gani yanzu, 'yata ce ke tuƙa min. Ta iya, wallahi ta fi maza da yawa." Ya dubi ƙofa. "Kwana biyu dai ba ta zuwa. Ina jin na ɓata mata rai ne."

"Ba ka ɓata mata ba, Baba. Za ta zo."

"To in kin gan ta a kasuwa, ki ce ina cigiya."

Tun daga ranar kullum ina zuwa, har safiyar Talatar nan. Kullum yana karɓata da mutunci, ya sa Mma ta kawo wa baƙuwa kujera, ya tambaye ni wace mota ce. 'Yarsa kuwa har ya koma ga Allah yana jiran ta zo.

Duk wanda ya ji a Nima ko Maamobi cewa Masta ya kusa kashe mutane a dutsen Aburi saboda ya manta aikinsa, daga gare ni maganar ta fito, kuma yau na janye ta. Wanda ya karanta wannan, ya yi wa Baba addu'a, Allah Ya yafe masa, Ya haskaka kabarinsa, Ya sauƙaƙa masa tambaya, Ya ba Mma haƙurin rashinsa. In akwai sauran addu'a a bakinsa, ya roƙa min Allah Ya isar wa Baba abin da na zo faɗa masa a makare.